Lissafin da Na Gyara da Hannuna

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a ma'aikatar harkokin waje. Ƙannenmu na sashe sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce, kuma na san abin da suke jira: yadda ake tsara wa minista jawabi, yadda ake karɓar jakada, da makamantansu. Waɗannan za su koya a kan teburinsu kamar yadda muka koya. Abin da ba wanda zai zaunar da su ya faɗa musu shi ne yadda ƙasa sukutum takan ɗauki matakin da kusan duk masu hannu a cikinsa ba su yarda da shi ba a zuci. Ni na ga haka da idona, kuma da alƙalamina aka yi.

Lokacin ina sashen ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, aka ɗora mini lissafin ƙuri'u. Muna neman kujera a wata hukuma ta duniya, wata ƙasa ta yankinmu da muke ɗasawa da ita ma tana nema, kujerar kuwa ɗaya ce tak ta faɗo wa yankin. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan fayil ya san tafiyar. Kowane ofishin jakadancinmu zai je ya roƙi ƙasar da yake zaune a cikinta, ya aiko da abin da aka ce masa, kai kuma ka jera. Na kasa nawa jerin rukuni uku. Na farko, ƙasashen da suka aiko da alƙawari a rubuce, da hatimi. Na biyu, waɗanda wani babba a cikinsu ya faɗa da baki cewa suna tare da mu. Na uku, waɗanda suka ce za su dubi buƙatarmu da idon rahama. Wanda ya yi ko shekara biyu a wannan sana'a ya san fassarar wannan kalami: an dai ji nauyin a ce maka a'a a gaban idonka.

Rukunin farko shi kaɗai bai kai mu ko kusa ba. Idan aka ƙara na biyu, mun zo dab da adadin da ake bukata. Sai an juye na uku gaba ɗaya ne lissafi zai nuna mun haye har da rara. A ƙasan jerin na rubuta sakin layi guda: ƙuri'ar ta sirri ce, ƙasashe da dama kan yi wa 'yan takara biyu alƙawari lokaci ɗaya, kuma yawancin alƙawuran ba sa wuce zagayen farko. Wannan ba hasashena ba ne, abu ne da kowa ya sani a wannan fage. Mai shakka ya dubi zaɓen Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010: Kanada ta sami ƙuri'a 114 a zagayen farko, a na biyu ta gangaro 78, dole ta janye ta bar wa Fotugal kujerar. Ƙuri'a 36 suka zame a tsakanin zagaye biyu na wuni ɗaya.

Ana cikin haka jakadan waccan ƙasa ya kawo tayi. Mu janye musu wannan karon, su kuma su ba mu goyon baya a rubuce a karo na gaba, su kuma mara mana baya a wata kujerar da ta fi wannan amfani gare mu. A daftarin da na rubuta na ce a karɓa.

Daraktanmu ya karanta a tsaye. Ya ce, "Malam, wannan rabe-raben na mene ne?" Na ce, "Yallaɓai, don a bambance wanda ya tabbata da wanda bai tabbata ba." Ya ajiye takardar ya ce, "Jakada ya ce an ba shi goyon baya. Kai da kake zaune a nan ka fi shi sanin ƙasar da yake ciki ne? Minista ya riga ya shaida wa Shugaba cewa muna da adadi. So kake in hau sama da takardar da ke ƙaryata minista? Haɗe su wuri ɗaya. Wannan sakin layin na ƙasa kuma ka mai da shi rataye." Shawarar karɓar tayin kuwa ya soke ta da jan biro, ya ce ba hurumina ba ne.

Na koma na haɗe su. Ba wanda ya riƙe mini hannu. A shekarar ne ake sa ran fitar da sunayen waɗanda za a tura ofisoshin waje, nawa yana ciki, kuma sai ya bi ta teburin wannan mutumin. Na lallashi zuciyata da cewa ai gargaɗin yana nan a rataye, duk mai son gaskiya zai juya shafi ya gani. Na kuwa san abin da na ƙi tunawa a ranar: takardar da ke tafiya fada ba ta wuce shafi biyu, kuma ba ta ɗaukar rataye. Ƙa'ida ce daɗaɗɗiya, an yi ta ne don kada a cika wa Shugaba tebur. Magatakardan da ya cire ratayen bai yi mugunta ba, aikinsa ya yi daidai yadda aka koya masa. Haka jeri mai rukuni uku da gargaɗi ya isa gaban mai yanke hukunci a matsayin lamba ɗaya tilo, mai ƙyalli.

Tun kafin takardar ta zo hannuna ma an riga an soma kumbura ta. Jakada ana auna shi ne da yawan "e" da ya kawo gida, saboda haka in ministan wata ƙasa ya yi masa murmushi ya ce kada ya damu, sai ya rubuto cewa an samu tabbaci. Hukumar da mutuminta zai hau kujerar ba ta son jin kalmar janyewa ko kusa. Masu riƙe da kuɗi sun riga sun saki kuɗin neman goyon baya, janyewa na nufin su yi bayanin inda ya tafi. Mashawarcin fada shi ne ya fara kawo maganar takarar, darajarsa na rataye da ita. Babu maƙaryaci na fili a cikinsu. Kowa dai ya ɗan matsa gaskiya taƙi ɗaya zuwa ɓangaren kujerarsa, taƙi a kan taƙi har ta yi nisan da ba a hango inda ta taso.

Ranar babban taro ina zaune a kujerun jikin bango, bayan darakta. Minista ya buɗe da cewa Shugaba ya ƙudurta ba gudu ba ja da baya, sannan ya tambaya ko akwai mai magana. Babban sakatare ya dubi takardar gabansa. Sauran suka dubi babban sakatare. Daga baya, bayan komai ya lalace, mutum huɗu daga cikin waɗanda ke teburin nan kowa ya same ni shi kaɗai ya ce ai shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Wakilinmu a hedikwatar hukumar, wanda ya fi kowa sanin yadda iska ke kaɗawa, ya faɗi damuwarsa, amma ta waya, don kada ta zauna a fayil. Kowa ya ɗauki shirun ɗan'uwansa a matsayin yarda, ya ce shi kaɗai ne mai shakka, ya haɗiye.

Sai minista ya ɗago kai ya dube ni. "Kai ne mai lissafin? Ka tabbata da wannan adadi?" Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, abin da jakadunmu suka aiko ke nan." Babu harafi ɗaya na ƙarya a wannan jumla, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi a bakin aiki. An buɗe mini ƙofa a gaban kowa, mutumin da zai iya ɗaukar waya ya kira fada ya tambaye ni kai tsaye, na zaɓi amsar da za ta fisshe ni ta bar ƙasa a ciki. Har yau in na shiga ɗakin nan idona kan faɗa kan waccan kujera ta jikin bango.

Ba na son in zalunci Shugaban wancan lokaci. Mutum ne mai kaifin basira, kuma an ce sau biyu yana tambaya ko da gaske muna da adadi. Amma akwai tsama tsakaninsa da takwaransa na waccan ƙasa tun wani taro da ya ga kamar an rena shi, ya kuma riga ya furta a bainar jama'a cewa ba za mu janye ba. Kowa a ma'aikata ya san amsar da yake so ya ji, ya kuma san inda aka tura mutum na ƙarshe da ya kai masa wadda ba ya so. Tambayar gaskiya ya yi, amma shi ne ya gina gidan da ba a iya ba shi amsar gaskiya a cikinsa. Aka mayar wa jakadan da tayinsa, cikin kalmomin da ba su da taushi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zagayen farko mun sami abin da ya yi daidai da rukunina na farko da ɗan wani abu daga na biyu. A zagaye na biyu ko wannan bai tsaya ba. Waccan ƙasa ta ɗauki kujerar, ta kuma riƙe abin a zuci. Shekaru bayan haka, da muka nemi hannunta a wata magana da ta shafi rayuwar mutanenmu kai tsaye, sai ta juya mana baya. Mun saki reshe mun kama ganye, kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan kuskure ba su taɓa jin sunan hukumar da muka yi takarar ba.

Sati biyu da dawowar tawaga aka miƙo mini takardar neman ba'asi. A cikin fayil na ga abin da darakta ya rubuta da hannunsa: jami'in da ke kula da lissafi bai sanar da na gaba da shi raunin alƙawuran ba. Mutumin da ya ce mini "haɗe su". Daftarina na farko ba ya cikin fayil, domin ban saka ba. Akwai kwafi ɗaya a wurina, na kai gida, amma ban fito da shi ba. Fito da shi zai wanke ni daga jahilci ya tabbatar mini da abin da ya fi jahilci muni, wato na sani na gyara. Kuma zai zama na ja daga da darakta a gaban kwamitin da abokansa ne ke ciki. Na amsa laifin sakaci. Sunana ya fita daga jerin masu tafiya waje, wanda dominsa na yi shiru, aka tura ni sashen da fayil ke kwana wata bai motsa ba, na yi shekara uku a can. Shi kuwa ba a rufa shekara biyu ba aka naɗa shi jakada. An bar jaki an daki taiki. Mun haɗu sau da yawa bayan haka, mun gaisa, ya tambayi iyali. Bai taɓa furta kalma ɗaya a kan wannan magana ba, kuma na daina jiran ya furta. Na yafe masa hakkina na kaina gwargwadon iyawata, amma ba zan ce na manta rubutun hannunsa a kan takardar nan ba.

A waɗannan shekaru uku na zaman shiru na yi karatun da ban samu yi ba a da. Na ci karo da aikin masanin siyasa ɗan Amurka Graham Allison na 1971 a kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, na ga ya sa wa ciwona suna. Mun saba cewa "Amurka ta yanke", "Rasha ta ƙi", kamar ƙasa mutum ɗaya ce mai kai ɗaya da ke auna riba da hasara. Shi ya nuna cewa sau da yawa abin da ake kira shawarar ƙasa ko dai amfanin gonar ƙa'idojin ofisoshi ne da ke tafiya da kansu, ko kuma sakamakon ja-in-ja tsakanin manya, kowa da kujerar da yake karewa. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun gina wuraren harba makaman a Kyuba bisa tsarin da suka saba ginawa a gida, ba tare da sun lulluɓe su yadda ya kamata ba, shi ya sa masu nazarin hotunan jirgin leƙen asirin Amurka suka gane su a tsakiyar Oktoban 1962. Ranar 27 ga watan, ranar da duniya ta fi kusantar yaƙin nukiliya, wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2 na Amurka da ya fita aikinsa na yau da kullum na ɗebo samfurin iska a kusa da ƙarshen arewacin duniya ya ɓace hanya ya faɗa sararin Sobiyet. Ba Shugaban Amurka Kennedy ne ya tura shi ba. Jadawali ne ya tura shi, ba wanda ya tuna ya dakatar. Da na karanta wannan sai na tuna magatakardanmu da ratayen da ya cire.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na shekara guda kafin nan, harin Mashigin Aladu na Afrilun 1961. 'Yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta horar suka sauka a gaɓar Kyuba, cikin kwana uku aka murƙushe su, aka kama fiye da 1,100. Waɗanda suka tsara shirin, Allen Dulles da Richard Bissell na CIA, su ne kuma masu ba Shugaba bayanin ko zai yi nasara. Masu nazari na cikin hukumar tasu ma ba a tambaye su ko mutanen Kyuba za su yi wa shugabansu Castro bore ba. An sauya wurin sauka daga kusa da garin Trinidad zuwa wannan mashigi, amma zancen cewa in abu ya ɓaci mayaƙan za su tsere cikin duwatsun Escambray ya ci gaba da yawo a ɗakin taro, alhali yanzu tsakaninsu da duwatsun akwai kusan kilomita 130 da fadamu. Chester Bowles, na biyu a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ya rubuta takardar adawa da shirin ya ba ministansa Dean Rusk, ba ta kai ga Kennedy ba. Arthur Schlesinger, mashawarcin Kennedy, ya rubuta nasa gargaɗin, amma a teburin taro ya yi shiru, daga baya ya fito ya zargi kansa a kan wannan shiru. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutum mai ilimi irin nasa, mai shiga wurin Shugaba, shi ma harshensa ya yi nauyi. Wannan bai wanke ni ba, amma ya sa na daina ɗaukar abin a matsayin lalacewar zuciyata ni kaɗai, na soma kallon yadda ɗakin kansa ke ɗaure baki.

Masanin halayyar ɗan'adam Irving Janis ya yi nazarin wannan a 1972, ya ce ƙungiyar da ta shaƙu da juna takan fifita zaman lafiyar cikinta a kan binciken gaskiya, har wasu su naɗa kansu masu tsare kunnen shugaba daga jin abin da zai dame shi. Na yarda da rabin maganarsa. A ɗakinmu ba shaƙuwa ce ta rufe mana baki ba, don ba ma ƙaunar juna haka. Tsoro ne da lissafin gaba: wa zai samu jakadanci, wa ke jiran ƙarin girma, wa ya rage masa shekara ɗaya ya huta. Duk wanda zai gyara irin wannan ɗaki ta hanyar roƙon mutane su yi ƙarfin hali, bai gyara komai ba, matuƙar mai kawo labari marar daɗi shi ake fara cirewa.

Kennedy dai ya ɗauki darasi. A rikicin 1962 yakan bar ɗakin da gangan don mashawartansa su yi gardama ba tare da kallon fuskarsa ba. Sai dai ko ba wa mai adawa kujera ba ya wadatarwa. George Ball, babban jami'i a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ya rubuta wa gwamnatin Shugaba Johnson takarda mai shafi 67 a Oktoban 1964 yana gargaɗi a kan zurfafa yaƙin Biyetnam. An saurare shi, an gode masa, aka tura sojoji a 1965, zuwa 1968 sun haura 500,000. Ya zama mai adawar gida, wanda ake jin ta bakinsa don a ce an ji kowane ɓangare. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wato a sa taro ranar da mai adawa ba ya nan. A Afrilun 1980 aka yanke shawarar tura sojoji su ƙwato Amurkawan da ake garkuwa da su a Tehran a taron da aka yi Cyrus Vance, ministan harkokin waje, yana hutu a Florida. Ya miƙa takardar murabus tun kafin a kai harin, harin kuma ya watse a hamada, sojoji 8 suka mutu. Na sha ganin irin wannan saka rana a ƙananan al'amura, kuma ba safai yake zama tsautsayi ba.

Wanda ya fi kama da laifina shi ne na Iraƙi. Binciken Butler na 2004 a Birtaniya ya gano cewa gargaɗin da masu leƙen asiri suka yi game da ƙarancin hujjojinsu bai fito yadda ya kamata ba a takardar da gwamnati ta buga a Satumban 2002, binciken Chilcot na 2016 kuma ya ce an gabatar da barazanar makaman ƙare dangi da ake zargin Iraƙi na da su da tabbacin da hujja ba ta kai ba. Sakin layin ƙasa ne aka mayar rataye. Namu ya jawo hasarar kujera da abota. Nasu ya buɗe ƙofar yaƙin da ya ci rayukan da har yau ake gardamar adadinsu.

Kada ƙannena su fahimci cewa ma'aikata ce kullum mai gaskiya, shugaba kuma mai ɓatawa. Ma'aikata na son jiya ta maimaitu, kuma akwai ƙofofin da ba za ta taɓa buɗewa da kanta ba. A Nuwamban 1977 Shugaban Masar Anwar Sadat ya tafi Birnin Ƙudus ya gana da shugabannin Isra'ila, ministan harkokin wajensa Isma'il Fahmi ya ajiye aiki don bai yarda ba. A tattaunawar sulhu da Isra'ila a Camp David a 1978 wani ministan nasa, Muhammad Ibrahim Kamil, shi ma ya ajiye. Masar ta karɓo Sinai a 1982, amma an dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa daga 1979 zuwa 1989, shi kansa Sadat an kashe shi a Oktoban 1981. Har gobe mutane na saɓani a kan ko ya kyauta, musamman game da abin da ya bar Falasɗinawa a ciki. Abin da nake dubawa a nan shi ne ya ji adawar ministocinsa ƙarara, ya san farashin, ya zaɓa. Firaministan Birtaniya Anthony Eden kuwa a 1956 ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Faransa da Isra'ila a Sèvres don a ƙwace mashigin Suwez daga hannun Nasser, shugaban Masar na lokacin, ya ɓoye wa galibin manyan jami'an ma'aikatar harkokin wajensa da jakadunsa, don ya san abin da za su ce. Amurka ta matsa wa kuɗin Birtaniya lamba, aka janye a wulaƙance, a Janairun 1957 ya sauka. Dukansu sun tsallake ma'aikata, amma ɗaya ya ƙi shawarar da ya ji, ɗayan ya toshe hanyar da za ta iso shi. Shugaba yana da ikon ya ture shawararmu, shi jama'a ke riƙe da shi. Haƙƙinmu shi ne abin da zai ture ya kasance ya gan shi da rukuninsa uku.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Kowane daftari ya shiga fayil da kwanan wata, har wanda aka soke. In an ba ka umarni da baki ka gyara ma'ana, koma teburinka ka rubuta layi biyu cikin ladabi cewa ka gyara bisa umarni. Gargaɗi wurinsa jumlar farko. Ka lura da wanda ke rubuta daftarin farko da wanda ke rubuta bayanin taro, don sau da yawa sun fi masu dogon jawabi tasiri. In an kawo wa shugaba zaɓi uku, biyu daga ciki ba masu yiwuwa ba, an riga an yanke masa. Damuwar da aka faɗa ta waya kawai, ba a faɗe ta ba. Kada ka amsa tambayar minista da gaskiyar da ka san za ta ɓatar da shi.

Da na zama darakta, wata jami'a sabuwar shiga ta kawo mini nazari a kan wata yarjejeniya da minista ke ɗokin sa wa hannu. Ta nuna cewa sharuɗɗa biyu a ciki za su ɗaure mu nan gaba. Tana miƙo mini ta ce, "Yallaɓai, in ya yi tsauri sai in sassauta." Na ce mata, "'Yata, gyara kuskuren rubutu biyun nan ki dawo mini da shi yadda yake." Na ɗora nawa sa hannun a sama, na hau da shi da kaina. Minista bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa mini haka a gaban mutane. Ya sa hannu a yarjejeniyar, amma sai da ya sa aka sake tattauna ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu. A shekarar ban samu abin da nake jira ba, ita kuwa ba abin da ya taɓa ta, kuma yanzu tana riƙe da teburin da na taɓa riƙewa.

Makon jiya na ɗauko wancan kwafin daga gida, takardar har ta soma rawaya. Na gangara ɗakin ajiyar fayiloli na nemi fayil ɗin takarar, ma'ajin ya daɗe yana nema kafin ya fito da shi daga ƙasan kanta. Na saka daftarin a gurbinsa, gaban takardar da ta tafi fada, na rubuta a gefe ranar da na fara rubuta shi, da ranar da na haɗe rukunan, da umarnin da aka ba ni, da amsar da na ba minista kalma da kalma. Na sa hannu, na mayar wa ma'ajin, ya shigar a littafinsa.